Sunan Maigida da Hancin Dutsen Aukkarnilik

Fabrairu

Zuwa ga Yayata Siasi,

Ki yi mini afuwa da zan ɗora miki karatun doguwar takarda, alhali na san idanun sun gaji. Da da yadda zan yi, da na bar ki kin huta. Waya kuwa kin san ba ta yi mana rana: ni maganata ƙasa-ƙasa, ke kunne ya yi nauyi, sai mu ƙare kowa na cewa na'am. Shi ya sa na yi baƙaƙen manya-manya.

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar? Yaya zaman Ottawa da abincin gidan tsofaffin nan mai laushi da ba ya riƙe ciki? Allah ya ƙara sauƙi. Na ba Mialisa maƙwabciyata busasshen kifi ta kawo miki, tunda za ta raka mijinta asibiti. Ki ɓoye, kada ki rabar gaba ɗaya kamar na bara.

Mu nan lafiya lau. Rana ta leƙo mana bayan dogon duhun hunturun nan da ba ta fitowa sam, yaran makaranta sun hau tudu sun tare ta. Jikata Ipili, wadda muka ba sunan ƙanenki marigayi, mijina, ita ma ta je, ta dawo kumatu jawur, haƙorin gaba ya fita. Har yau Maigida nake kiranta, kuma tana amsawa. Ta ce a gaishe da yayarta.

Ga abin da ya zaunar da ni. Kin ji gwamnati ta ce za ta goge sunayen da masu jiragen ruwa suka rubuta a taswira, ta mayar da namu. Aka turo mana wani bature daga ofishin taswira, mutum mai kunya, yana cire takalmi in zai shiga gidan mutane, ya ci ɗanyen kifi bai ɓata fuska ba. Aka taru a zauren makaranta, ɗana Juanasi na yi masa tafinta tunda shi ke ofishin gari. Ana bin gaɓar teku, tsofaffi na faɗi, yana rubutawa, ana ta raha. Da aka zo hancin dutsen nan na arewa da ya kutsa cikin teku, wanda taswira ke kira Halbrok, tsoho Aksayuk ya tambaya ko shi Halbrok ɗin ya taɓa zuwa. Baturen ya ce a'a, wani attajiri ne da ya saya wa jirgin da ya wuce ta nan gawayi. Aksayuk ya ce to a gaishe shi, a gaya masa zaman aron ya isa haka, ya zo ya kwashe kayansa.

Kowa ya san abin da za a rubuta: Aukkarnilik, wato inda ƙanƙarar kan teku ke ruɓewa ta ƙasa. Sunan da muka taso muka tarar ke nan. Sai Juanasi ya miƙe, ya yi magana da Turanci tukuna, sannan da harshenmu. Ya ce iyalin marigayi na roƙon a sa wa dutsen sunan mahaifinsa, tunda a nan ruwa ya ci shi ranar da ya bi samarin nan biyu da suka nufi ruɓaɓɓiyar ƙanƙarar ya juyo da su. Iyali, Yaya. Ina zaune da ɗinkin safar hannu a cinyata, a nan na fara jin abin da iyali ke roƙo.

Baturen ya ɗaga kai ya tambaya ko akwai wanda bai yarda ba. Na waiga, na ga hanci a tattare tun daga gaban zaure har baya. Aksayuk ya tattare nasa har idanunsa suka ɓace. Wace a'a ta wuce wannan? Amma baƙo bai san mu da gira muke cewa eh, da hanci muke cewa a'a ba. Baki yake jira, kuma kin san ba mai buɗe baki ya kunyata ɗa a kan ubansa a gaban jama'a. Sai ya rubuta cewa ba mai ja. Shi ban ga laifinsa ba. Amma Juanasi ya ga hancin mutane. A cikinmu aka haife shi, da hancin nan na hana shi taɓa wuƙata tun yana rarrafe. Tafinta ne, an ba shi amanar ya fassara, ya ga a'a cike da zaure, ya sunkuyar da kai yana gyara takardu.

Ban yi masa magana a wurin ba. Da muka fito na tambaye shi wane iyali yake nufi, sai ya ce ai ke kin sani, kin kuma yarda. Ba na so in ce ɗana ya yi ƙarya, ba na kuma so in yarda ke kin yi haka ban sani ba, to ga ni a tsakiya. Baturen zai dawo kafin ƙanƙara ta saki, a tabbatar da sunayen, daga nan kuma an buga ke nan.

Ki gaya mini gaskiyar abin da aka yi. In bai tambaye ki ba, zan san yadda zan yi da shi a hankali. Allah ya ba ki lafiya.

Taki,
Ulipika

Maris

Yaya Siasi,

Barka da ƙoƙari, ina fata wannan ta same ki da sauƙi. Mialisa ta dawo, ta ce kin ɗan rame amma bakin yana nan, har kin tsokane ta a kan sabon gilashinta. Na ji daɗin wannan. Ta ba ni takardarki. Na juya ta gaba da baya ina neman sauran, ban samu ba: "Na sani. A bar yaron."

Kin girme ni, ke kika koya mini tauna fata har ta yi laushi, ke kika riƙe ni ranar da na haifi Juanasi a tanti. Ban taɓa ɗaga miki murya ba, kuma a takarda ma ba zan ɗaga ba. Amma raina ya ɓaci, kuma in na ɓoye miki na yi munafunci.

Yaushe muka fara sa wa dutse sunan mutum? Wannan aikin masu jirgi ne, su wuce ta nesa, su ga tsini, su manna masa sunan wanda suke so ya ji daɗi, su tafi ba su dawo ba. Mu in mutum ya tafi, jariri ne sunansa ke nema, wuri mai ɗumi. Ke da kanki, da aka haifi yarinyar nan a bazarar da muka rasa shi, kika ɗauke ta kika ce ƙanena ka yi saurin dawowa. Ke kika ɗinka mata takalman maza. Tun daga ranar na daina kallon teku ta taga. Yanzu a ce a raba sunan, rabi yana gidan Juanasi yana shan shayi da sukari cokali uku kamar yadda ya saba, rabi a kai shi a kafe a bakin ruwan da ya cinye shi? Ki yi tunani, wane zunubi ya yi da za a mayar da shi can ya yi gadi?

Ko a bar wannan, a ce tsohuwa ce ke surutunta. Shi sunan wurin fa? Kin tuna yadda marigayi Maigida ke ɗora Juanasi a gaban keken ja na kan ƙanƙara, yana nuna masa gaɓa yana sa shi maimaitawa: nan inda ake samun ƙwai, nan inda iska ke kwana, nan inda ƙanƙara ke ruɓewa ta ƙasa. In sun zo na ƙarshen sai ya ja masa kunne don kada ya manta. Wurin fari fat yake kamar ko'ina, ruwan da ke gudu a ƙarƙashi ne ke cin sa, ido ba ya gani. Sunan ne kaɗai ke gani. Samarin yanzu kuwa ba mai ɗora su a keken ja, ɗan akwatin nan mai nuna hanya suke kallo a kan baburan ƙanƙara, abin da taswira ta ce shi yake ce musu. In suka karanta Aukkarnilik za su kewaya. In suka karanta Ipili, za su ce bari mu je mu gaishe da tsoho.

Ba zargi nake ba, an riga an fara. Juanasi ya sa an yi allon tagulla mai sunan, ya iso a jirgin makon jiya. Wai ƙarshen Mayu za a yi jerin babura da yaran makaranta a je a kafa. Ƙarshen Mayu, Yaya, a Aukkarnilik. Ya ce za a bi ta tudu. Kin taɓa ganin saurayi a kan babur ya bi tudu alhali ga ƙanƙara shimfiɗe a gabansa?

Gari ya ɗauka. A gidan rediyo ba a maganar komai sai wannan. Mialisa ta buga waya ta ce in dai rabon suna ake, ta yi wa mijinta kamun kududdufin bayan bola, don shi ma ba ya motsi kuma ba a zama kusa da shi. Aksayuk ya buga ya ce shi tsibiri yake so, amma mai inuwa. Ana dariya, ni kuwa ina jin sunan mijina yana yawo a bakin mutane kamar cingam. Samari kuma, in faɗi gaskiya, da yawa suna bayan Juanasi. Suna cewa turawa sun cika taswira da kakanninsu, mu ba namu ko ɗaya, ai lokaci ya yi. Ban ce ba su da hujja ba. Amma in mun kori Halbrok don mu yi irin ta Halbrok, me muka kora?

Ranar Lahadi bayan coci na je gidansa. Matarsa Miali ta ɗora shayi ta fice, yarinyar kirki. Na faɗa masa duk abin da na faɗa miki, a hankali. Yana ta juya kofi. Da na gama sai ya ce:

"Mama, ina kabarin babana?"

Na ce masa babanka ga shi can a ɗaki yana yi wa 'yar tsana kitso.

Ya ce, "Lusi yarinya ce, Mama. 'Yata ce. Ni na yi mata rajista."

Kin san da sunan makaranta yake kiranta, shi kaɗai a duk garin nan. Tun da aka haife ta bakinsa bai taɓa ce mata Baba ba. Na daɗe ina gani ina shiru, ina cewa karatun kudu ne, zai wuce. Ya ce kowa a maƙabarta yana da gicciye da suna, shi nasa uban ko ƙashi ba a samu ba, kuma yana can Ottawa yana jarrabawa aka yi addu'a aka watse. Na tausaya masa, Allah ya sani. Amma na ce masa ya fassara ƙarya a zauren nan, kuma ban haifi mai cin amanar tafinta ba. Maganar ta yi nauyi. Tun daga ranar in ya kawo nama a shirayi yake ajiyewa, ba ya shigowa.

Maigida dai tana zuwa kullum in an tashi makaranta, ta zauna a kujerarsa, ta ce matata ina shayina.

Ban gane ki ba, Yaya, iyakar gaskiyata ke nan. Duk da haka ina gaishe ki, ina yi miki addu'a safe da yamma.

Ulipika

Mayu

Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki? An ce can itatuwa sun yi ganye, ana fitar da ku lambu a keke. Ki riƙa fita, ko don iskar. Nan rana ta daina faɗuwa, yara sun ƙi barci, tsuntsaye sun dawo, dusar ƙanƙarar kan tudu ta fara zama taɓo. Ba ki amsa takardata ta baya ba, kuma na san dalili. Ki karanta wannan har ƙarshe.

Baturen ya dawo, aka sake taro. Da aka karanto maganar dutsen, na ajiye ɗinkina na miƙe. Kin san ni, ko a coci ba a jin muryata a waƙa. Na ce da Juanasi ya fassara daidai, kalma da kalma: ni ce matar marigayin, kuma na ce a'a, da baki. Ya fassara daidai, wannan kam zan shaide shi. Baturen ya yi ja har kunne, ya ce ai ya ɗauka kowa ya amince. Mialisa ta ce masa ya riƙa kallon fuska, takarda ba za ta gudu ba.

Aka fara ka-ce-na-ce, samari a gefe, tsofaffi a gefe. Sai Aksayuk ya buga sandarsa ya ce abin kunya ne a zauna ana rabon kayan mutum yana zaune ba a tambaye shi ba. Yarinyar tana ƙarƙashin tebur tana cin burodin kasko. Ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa, ya ce:

"Abokina, tsohon ɓarawon tabata, wai za a kai sunanka Aukkarnilik a bari. Ka yarda?"

Ta dube shi, baki cike. Sai ta tattare hanci, ɓari ɗaya, na hagu, ido ɗaya a kanne. Yaya, kin san wa ke yin haka. Ba wanda ya koya mata, ba ta taɓa ganinsa ba. Sai aka fashe da dariya, wasu na share ido. Juanasi bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallonta kamar yau ya fara ganinta, ya ajiye takardun, ya fita.

Baturen ya ce shi dai a ƙa'idarsu, wanda ya kawo buƙata shi ke janye ta, in bai janye ba kafin a rufe aikin a ƙarshen wata, to za ta wuce yadda take.

Washegari Juanasi ya shigo, har ciki, da allon tagullar a naɗe cikin tawul. Na yanka daskararren kifi a kan kwali muka zauna a ƙasa, da shi da yarinyar. Ya kai hannu zai ɗauki idon kifin, ta buge hannun ta ɗauke abinta. Sai na ji ya ce, a hankali, kamar mai gwada ƙanƙara da mashi, "Yi haƙuri, Baba." Ta ce ta haƙura, amma kada ya ƙara. Na tashi na shiga kicin na daɗe ina neman abin da ban ajiye ba.

Da na dawo ya gaya mini. Ya ce da ya je Ottawa taro a kaka ya biya ta wajenki, kika sa ya tura kekenki zuwa babbar taswirar da ke bangon falon gidan. Kika nuna masa gaɓarmu, kika ce kullum kina zuwa kina dubawa, ba sunan da kika sani ko ɗaya. Kika ce a gidan nan ba wanda ya san kin taɓa samun ƙane, ba wanda ya san ya iya kiran barewa da murya, kuma a nan za ki mutu. Kika riƙe hannunsa kika sa ya yi miki alkawari cewa kafin ki tafi za ki ɗora yatsa a kan sunan Ipili a taswirar nan. Ya ce shi ma yana so, ba zai laɓe a bayanki ba. Amma ko da ya ga hancin mutane a zauren farko, hannunki yake ji a nasa. Ya ce ba zai janye ba sai kin sake shi.

Me ya sa ba ki gaya mini ba? Na yi wata da watanni ina hura wa yaro wuta, har na kira shi maci amana, ashe wata amanar yake riƙe da ita. Har yanzu ina jin haushinki, ba zan ce ba na ji ba. Kin ɗaure shi da alkawari a kan abin da ba naki ke kaɗai ba, kika bar mu muna wuce juna a kanti kamar baƙi. Amma na kwana ina ganinki a gaban bangon nan kina neman gida, kuma na tuna ni da nake da yarinyar a kujerarsa kullum, ko sau ɗaya ban yi tunanin ke me kike da shi ba. Kifi nake aika miki.

Ga abin da muka yanke, in kin yarda. Dutsen ya koma Aukkarnilik, a fasa jerin baburan. In sabuwar taswirar ta fito, ke za a fara aika wa, ki ɗora yatsa a kan sunan da ƙanenki ke ja wa yara kunne a kansa. Allon tagullar kuma bangon ɗakinki za a kafa shi, saitin gadonki, duk mai shigowa ya tambaye ki wane ne wannan, ki ba shi labari har ya gaji. Juanasi zai kawo shi da kansa da zarar an rufe makaranta, kuma ba shi kaɗai zai zo ba. Ƙanenki ya riga ya haɗa jaka, ya sa 'yar tsana da takalman nan da kika ɗinka, ko da yake sun daɗe da yi masa kaɗan. Ki tanadi sukari.

Amma duk wannan yana jiran kalma ɗaya daga gare ki. Wata ya raba, samari sun fara gyaran babura, kuma maharba sun ce ƙanƙarar wajen dutsen ta fara yin duhu. Ba sai kin yi dogon rubutu ba, na ga kin iya gajere. Ki rubuta wa Juanasi, ba ni ba, ki ce kin sake shi. Jirgin wasiƙu na tashi ranar Alhamis, in kin ba ma'aikaciyar gidanku nan mai kirki za ta kai.

Ki amsa da wuri, don Allah, Yaya.

Ƙanwarki har kullum,
Ulipika